Takardar ɗana ta ce kromosom 47, kuma ƙarin daga uwa ya fito: amsar likitan yara

"Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Garwa ne. Ɗana na uku yana da shekara 2 da wata 3, har yanzu bai fara tafiya ba, zama ma sai da ya haura shekara ya iya, ba ya cewa komai, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Tun yana jariri jikinsa a sake yake. Yana wata 7 ya fara wata irin zabura, yana dunƙulewa sau da yawa a jere idan ya tashi daga barci. An ɗora shi a kan Gardénal, amma har yau abin bai daina ba. Mun je Yawunde aka ɗebi jininsa aka aika Faransa. Sakamakon ya ce yana da kromosom 47, an rubuta idic(15), an kuma rubuta cewa ƙarin daga wajen uwa ya fito. Tun da mahaifiyata ta ji haka take cewa jinin matata ne ba shi da kyau, wasu kuma suna cewa ɗan ruwa ne. Matata 'yar baffana ce. Wane ciwo ne wannan? Yana da magani? Zai yi tafiya, zai yi magana? Idan muka sake haihuwa haka za ta kasance?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba yaro lafiya, ya saka maka da kai da mahaifiyarsa da alheri a kan ɗawainiyar da kuka yi, domin kai yaro daga Garwa zuwa Yawunde har a aika jininsa waje ba ƙaramin aiki ba ne. Idan na fahimce ka, kana son sanin abin da takardar take nufi, da wanda za a ɗora wa alhaki, da abin da ke gaban yaron, da kuma makomar haihuwa ta gaba. Akwai magana ta biyar da ka ambata a wuce, wato zaburar da ba ta daina ba, kuma a wurina ita ce mafi gaggawa a cikin duk abin da ka rubuto, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Abin da takardar take faɗa

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa da ke ɗauke da umarnin gado, su ake kira kromosom. Adadinsu a wurin ɗan Adam 46 ne, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma sai a shekarar 1956 masana suka tabbatar da wannan adadi. An ba su lambobi, kowace lamba guda biyu ce. Ɗanka yana da waɗannan 46 ɗin cif, ba abin da ya ɓace masa, sai dai an samu wani ƙaramin guntu na 47 ya ƙaru. Guntun nan an yi shi ne da wani yanki na kromosom mai lamba 15, an kwafe yankin sau biyu an haɗa su suna fuskantar juna, shi ne ma'anar idic(15). Saboda haka yankin da ya kamata ya zama kwafi biyu a jikinsa ya zama huɗu. Likitoci suna kiran wannan lalura Dup15q, kuma kada ka rikita ta da lalurar Down wadda mutane suka fi sani: ita ma kromosom 47 ce, amma ƙarinta a lamba 21 yake, alamominta da tafiyarta kuma daban ne.

Mutum zai iya tambaya, tun da ƙari ne ba ragi ba, me ya sa zai cutar? Kowace mai girki ta san cewa miyar kuɓewa tana son kanwa, amma idan aka ninka mata kanwar miya ta ɓaci, ko da kanwar mai kyau ce. Haka ƙwaƙwalwar yaro take da umarnin da ke cikin wannan yanki. A cikinsa akwai wata ƙwayar gado mai suna UBE3A wadda ke da hannu a yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke ƙulla hanyoyin saƙo a tsakaninsu, akwai kuma wasu guda uku da ke gina masu karɓar sinadarin GABA, wanda aikinsa shi ne kwantar da wutar ƙwaƙwalwa kada ta wuce kima. Idan awon waɗannan ya ɓaci, sai a ga abubuwan da ka lissafa: sakin jiki tun daga jarirantaka, jinkirin zama da tafiya, jinkirin magana ko rashinta, rashin kula da mutane da kallon ido irin na masu lalurar da ake kira galahanga, wato autism, sai kuma farfaɗiya, wadda take kama fiye da rabin yaran da ke da irin nau'in ɗanka. Yawancinsu fuskarsu ba ta nuna komai, hoton ƙwaƙwalwa ma sau da yawa yakan fito lafiya, shi ya sa iyaye suke shan yawo kafin a gano.

Lalurar ba ta da yawa, a yankinmu kuma ba kasafai ake tabbatar da ita ba, saboda gwajin ba ya kusa kuma yana da tsada. Idan aka kawo mini yaro mai irin wannan jinkiri, abin da na fara nema shi ne wahalar haihuwa da jinkirin kuka, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa, ƙarancin aikin ƙullin wuya (thyroid) da kan kumbura ya zama maƙoƙo, ko kurumta, domin su ne suka fi yawa a nan. Kai ka riga ka wuce wannan mataki. Takardar da ke hannunka ta ba ka dalili tabbatacce, kuma ta isa ta hana ka ci gaba da kashe kuɗi a kan neman dalili.

Maganar "daga uwa"

Wannan jumla gaskiya ce a ilimin likita, amma an fahimce ta ba daidai ba a gidanku, kuma ina roƙonka ka tsaya ka gyara fahimtar da bakinka, domin kai kaɗai ne za ka iya faɗa wa Hajiya ta saurara.

Nau'in idic(15) kusan kullum sabon abu ne da ya faru a cikin ƙwai guda ɗaya. Ba ya jinin uwar, ba ya jinin iyayenta, ba gadonsa ta yi ba. A lokacin da ƙwan mace yake haɗuwa, kromosom ɗinta biyu masu lamba iri ɗaya sukan jeru su yi musayar sassa, kuma wannan yanki na lamba 15 yana da wurare masu kama da juna sosai, har a wasu lokuta jeruwar takan goce a ƙulla ba daidai ba. Wannan musaya tana faruwa ne tun macen tana tayi a cikin mahaifiyarta, tun kafin a haife ta balle ta san aure. Ba abin da ta ci, ko ta sha, ko ta ɗauka, ko ta ƙi yi lokacin goyon ciki da ya jawo shi. An lura yana ɗan ƙaruwa idan shekarun uwa sun ja, amma yana faruwa ga masu ƙuruciya ma.

Akwai kuma dalilin da ya sa kusan duk takardar da ta fito da wannan lalura "uwa" take cewa. A cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kwafin UBE3A da ya zo daga uwa shi ne yake aiki, na uba a rufe yake, kuma haka yake a jikin kowane mutum, da ni da kai. To idan irin wannan ƙari ya zo ta wajen uba, yawanci ba ya yin tasiri mai ƙarfi, yaron ba ya zuwa asibiti, ba wanda ya gwada shi. Wanda ya zo ta wajen uwa shi ne yake bayyana. Wannan yanki sananne ne a wurin likitoci saboda haka: idan ya ɓace daga kwafin uba sai a samu lalurar Prader-Willi da aka bayyana a 1956, idan ya ɓace daga kwafin uwa sai a samu ta Angelman da aka bayyana a 1965. Ka ga ashe kuskuren yana iya zuwa ta kowane ɓangare.

Auren zumuncinku ma ba shi ne sila ba. Cututtukan da zumunci yake ƙara haɗarinsu su ne waɗanda sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da ƙwaya mai matsala, irin sikila. Wannan ba ta cikinsu, kuma ana samunta a Faransa da Amurka a gidajen da ba su haɗa ko kaka ba.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da nake gani a ɗakin duba yara. Uwar da ake zargi takan daina kawo yaro, takan ɓoye shi idan baƙi sun zo, wani lokaci a mayar da ita gidansu da yaron a bayanta, maganinsa ya yanke. Alhali ita ce take sanin lokacin da zai zabura kafin ya zabura, ita ce take sanin irin kukan yunwa da na ciwo a bakin yaron da ba ya magana. Duk abin da ya karya ta, yaron ya karya.

Zaburar nan ita ce mafi gaggawa

Abin da ka kwatanta, yaro ya dunƙule kansa ya faɗo gaba, hannaye su watsu ko su rungumo, na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya saki, ya sake, sau da yawa a jere musamman bayan tashi daga barci, ya yi kama ƙwarai da wata farfaɗiyar jarirai da ake kira ciwon West. Wani likitan Ingila mai wannan suna ne ya fara bayyana ta a 1841, a jikin ɗansa na cikinsa. Tana yawan zuwa tare da Dup15q. Ba ta da ban tsoro a ido kamar taune-taunen da yaro yake sandarewa yana kumfa, shi ya sa ake ɗaukarta firgita ce ko ciwon ciki, amma ta fi ɓarna, domin tsakanin zabura da zabura wutar ƙwaƙwalwar a hargitse take, kuma ƙwaƙwalwar da ke cikin wannan hali ba ta koyon komai. Na sha jin uwa ta ce yaro ya fara murmushi yana bin ta da ido, da zaburar ta fara sai ya daina.

Gardénal magani ne mai amfani, shi ne ya fi samuwa kuma ya fi araha, yana kuma tsayar da wasu nau'o'in farfaɗiya. Sai dai ba shi ne maganin wannan nau'i ba, kuma yaron da jikinsa dama a sake yake yakan ƙara masa barci da nauyin jiki. Magungunan da aka san suna aiki a kan ciwon West su ne allurar ACTH, ko prednisolone a awo mai yawa na 'yan makonni sannan a riƙa ragewa, ko vigabatrin. Prednisolone ana samunsa a nan, amma ba maganin da za a saya a ba yaro a gida ba ne, saboda yana rage garkuwar jiki, yana iya ɗaga hawan jini da sukari, dole likita ya fara duba ko akwai wata cuta a ɓoye kamar tarin fuka, ya kuma bi yaron a kai a kai. Vigabatrin yana da wuyar samu a famasin arewa, kuma yana iya taɓa faɗin gani idan aka daɗe ana sha. A shekarun ɗanka kuma farfaɗiyar takan sauya kama, ta koma faɗuwar kai farat ɗaya, ko sandarewa cikin barci, ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci, a nan sai a duba irin su Dépakine ko Keppra, wani lokaci a haɗa biyu. Dépakine yana buƙatar lura da hanta a ƙananan yara. Tégrétol kuwa yana iya tsananta wasu nau'o'in, don haka kada wani ya ba ku nasa saboda ya yi wa ɗansa aiki.

Ban ga yaron ba, ba zan zaɓa masa magani daga nesa ba. Abin da nake so ka yi a cikin makon nan shi ne ka ɗauki bidiyon zaburar da wayarka, daga farkonta har ƙarshe, fuska da hannaye da ƙafafu duk su fito, a cire masa mayafi. Ku samu ƙaramin littafi mahaifiyarsa ta riƙa rubuta rana da lokaci da adadin zaburar. Ka kai bidiyon da littafin da takardar Faransa wurin likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa, ka nemi a yi masa gwajin wutar ƙwaƙwalwa da ake kira EEG, idan da hali a ɗauka har yana barci. Bidiyon minti ɗaya yakan gaya mini abin da bayanin rabin awa bai gaya mini ba. Kafin nan kada ku tsayar da Gardénal da kanku, domin yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa. Ku saya a famasi, ba a teburin kasuwa ba inda magani yake wuni a rana, kuma kada ku bari ya ƙare kafin ku nemi wani.

Idan babbar farfaɗiya ta kama shi, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja, domin huhu za su tafi. Idan ta wuce minti 5 a ɗauke shi zuwa asibiti. Zazzaɓi da rashin barci da tsallake magani su ne manyan masu tayar da ita, don haka gidan sauro kowane dare, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 lokacin damina, da allurar rigakafinsa gaba ɗaya, duk suna cikin maganinsa. A watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa yake haura digiri 40, a yawaita ba shi ruwa ko bai nema ba. Kada a bar shi shi kaɗai kusa da murhu, ko bahon wanka, ko bakin rijiya. Akwai magana mai nauyi da ba zan ɓoye maka ba: an samu yara da matasa masu wannan lalura da suka rasu ba zato cikin barci, mafi yawa waɗanda farfaɗiyarsu ba ta lafa ba. Ba kowa abin yake samu ba, amma shi ya sa ya kamata ya kwana kusa da babba, kuma shi ya sa nake matsa maka a kan magani.

Tafiya da magana

Babu maganin da ke cire guntun nan, domin yana cikin ƙwayoyin jikinsa tun daga farkon halittarsa. Duk wanda ya ce zai cire shi da allura ko sassaƙe ko tafiya wata ƙasa, kuɗinka yake so.

Tafiya kuwa ina da kyakkyawan fata. Yawancin waɗannan yara suna tafiya, galibi tsakanin shekara 2 zuwa 3, wasu su wuce haka, kuma tafiyar takan zo da buɗe ƙafa da tangaɗi. Ka nemi mai gashin ƙashi, wanda a nan muke ce wa kine, amma ka sani zaman awa ɗaya a asibiti ba shi ne aikin ba, aikin shi ne abin da zai koya muku ku riƙa yi a gida kullum. A sauke shi daga goyo a shimfiɗa masa tabarma, a kwantar da shi rub da ciki a sa abin da yake so a inda sai ya miƙa hannu, a tsayar da shi ya dafa benci ko turmin da aka kife, a bar yayyensa su yi wasa da shi. Goyo duk wuni jinƙai ne, amma ba ya ƙarfafa baya. A Yawunde akwai cibiyar ƙasa ta kula da masu naƙasa mai sunan Kardinal Paul Émile Léger a unguwar Etoug-Ebe, a kusa da Marwa kuma akwai Fondation Bethléem ta Mouda da ke aiki da irin waɗannan yara.

Magana ta fi wuya, kuma a nan ba mai iya yi maka alkawari. Wasu suna kaiwa ga gajerun jimloli, wasu kalmomi kaɗan, wasu ba sa magana sam, kuma yawancin masu nau'in idic(15) suna buƙatar mai kula da su har girma. A fara gwada jinsa, kada a ɗora komai a kan kromosom alhali kunne ne. Sannan kada ku jira baki ya buɗe: ku koya masa nuni da hannu na ruwa da abinci da "ƙara", ku riƙa faɗar kalmar kuna yin alamar, kowa a gidan iri ɗaya. Yaron da ya iya nuna kofi ya fi wanda bai iya ba sauƙin kuka da buga kai. Wajen ci, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi kunu mai kauri maimakon tsararo idan yana shaƙewa, a ƙara masa gyaɗa da ƙwai da ganye, gwanda da mangwaro kuma suna taimakawa wajen taurin bayan gida da ke damun da yawansu. Ka je ofishin kula da jin daɗin jama'a ka nemi katin masu naƙasa, wanda dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanada, zai yi maka amfani idan lokacin makaranta ya zo.

Game da masu cewa ɗan ruwa ne, ka nuna musu cewa an ga dalilin da ido a ɗakin gwaji, an ƙirga shi. Ɗanka ɗan Adam ne, jininka ne. Addu'a da tofi ba su taɓa karo da magani ba, ni ma ina yi wa marasa lafiyata addu'a. Abin da nake hanawa shi ne hayaƙi a hancin yaron da numfashinsa ba shi da ƙarfi, da tsaga, da ɗurin jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba ga hantar da ke fama da maganin farfaɗiya, da kuma duk wanda zai ce a ajiye maganin asibiti tukuna.

Haihuwa ta gaba

Idan takardar ta tabbata idic(15) ce da kromosom 47, yiwuwar ta maimaitu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ba dalili ba ce na daina haihuwa ko na raba aure. Akwai nau'i na biyu da kromosom suke nan 46, ƙarin yana liƙe a cikin lamba 15 ɗin kanta, kwafi uku maimakon huɗu. Shi ya fi sauƙi a jikin yaro, amma shi ne wani lokaci ake samun uwa tana ɗauke da shi lafiyarta ƙalau, sau da yawa ma daga mahaifinta ta karɓo, kuma a nan kowane ciki yana da rabin yiwuwar ɗauka. Na kawo shi ne don kada ka karanta labarinsa a intanet ka ɗauka naku ne.

Duk da haka ka koma wurin likitan da ya aika jinin ka tambaye shi ko za a duba kromosom ɗin mahaifiyar yaron, domin a lokuta ƙalilan akan samu guntun a wani kaso na ƙwayoyin uwa ba tare da ta nuna alama ba. Ku je tare, ta ji bayanin da kunnenta. Hoton ciki na yau da kullum ba ya nuna wannan lalura, sai gwajin ruwan mahaifa da ake ɗiba daga mako na 15 zuwa sama, kuma yin sa ko barinsa shawara ce taku ku biyu bayan an yi muku bayanin amfaninsa da haɗarinsa. Yayyensa biyu da suke girma lafiya ba sa buƙatar gwaji. Idan kana karanta Faransanci, ƙungiyar Valentin APAC ta iyayen yara masu matsalar kromosom a Faransa tana da bayanai da za su taimake ka wajen fahimtar sauran abin da ke cikin takardar, kuma ka yi mata kwafi biyu ko uku ka ɗauki hotonta a waya, domin duk likitan da zai ga yaron nan gaba, ko don zazzaɓi ne ko don tiyata, ya kamata ya karanta ta kafin ya rubuta masa magani mai sa barci.